Me ke sa yaro fizge-fizge bayan tiyata?

A Asibitin Malam da ke kusa da Gyaɗi-Gyaɗi, kamar kowane asibiti, wani yaron kan farfaɗo daga tiyata yana ihu, yana fizgar robar ƙarin ruwa, ko mahaifiyarsa ba ya ganewa. Ba iska ba ce. Tasirin maganin sa barci ne, musamman sevoflurane, kuma ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. Yawanci yakan lafa cikin rabin awa.

Akwai rigakafi. Dexmedetomidine yana kwantar da yaro sosai, amma yakan rage bugun zuciya. Propofol yakan ɗan jinkirta farkawa. Fentanyl yana kashe zafi, sai dai yakan jawo amai. Midazolam kuwa ya fi amfani wajen rage fargaba kafin shiga ɗakin tiyata. Likitan sa barci ne ke zaɓa, gwargwadon lafiyar yaron.