Kangon Injin Iska Na Gandun Rake Na Betty's Hope A Tsibirin Antigwa

Antigwa ƙaramin tsibiri ne a tekun Karibiyan, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 281 ba, amma a tsakiyar ƙarni na 18 akwai injinan matse rake masu aiki da iska fiye da 150 a cikinsa. Waɗansu sun rushe, da yawa kuwa hasumiyoyinsu na dutse kaɗai suka rage a cikin ciyayi. Wannan maƙala za ta dubi waɗanda suka fi suna a cikinsu, watau tagwayen hasumiyoyin gandun Betty's Hope da ke kusa da ƙauyen Pares, domin a ga yadda injin yake aiki da kuma abin da aikinsa ya jawo wa mutanen da aka ɗaure a gindinsa.

Wani gwamnan Ingilishi mai suna Christopher Keynell ya kafa gandun wajen shekarar 1650, da ya mutu a 1663 ya bar wa matarsa. Faransawa suka kama tsibirin a 1666, matar ta tsere, da Ingila ta karɓi tsibirin bayan shekara guda sai hukuma ta ƙwace gonar. A 1674 gandun ya shiga hannun Christopher Codrington, wanda ya zo daga Barbados da sanin noman rake da sarrafa shi, ya kuma zama gwamnan tsibiran yankin a 1689. Danginsa sun riƙe wurin har 1944, shekara 270 ke nan, ko da yake tun cikin ƙarni na 18 masu gandun suka koma Ingila da zama, suka bar wakilai suna aika musu da riba.

Dalilin da ya sa aka dogara da iska shi ne, Antigwa ba ta da kogin kirki da zai juya inji, fari kuma yakan addabe ta, har sai da aka gina manyan tankunan tara ruwan sama a gandun. Abin da take da shi a yalwace ita ce iskar da ke kaɗawa daga gabas maso arewa kusan duk shekara. Saboda haka sai a zaɓi tudu a gina hasumiyar dutse mai faɗin gindi da tsukakken kai, a ɗora mata hular katako mai ɗauke da fukafukai huɗu da ake shimfiɗa wa tamfol. Daga bayan hular akwai wani dogon gungume da ya sauko har ƙasa, wanda ake turawa a juya hular ta fuskanci iska. Idan fukafukan suka juya, sai haƙoran ƙafafun da ke cikin hular su juya wani ginshiƙi da ya sauko tsakiyar hasumiyar, shi kuma ya juya manyan gungumomi uku da ke tsaye a jere, an lulluɓe su da ƙarfe. Wanda ya taɓa ganin yadda doki yake zagaya injin mazarƙwaila a ƙasar Zazzau ya riga ya san asalin dabarar. Bambancin dai shi ne, doki yana gajiya kuma ana iya tsayar da shi da linzami nan take, iska kuwa ba ta jin kira.

A nan ne wahalar take. Rake ba ya jira: idan aka sare shi, ruwansa yakan fara tsami cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka a lokacin girbi, daga wajen Janairu zuwa Yuni, muddin iska tana kaɗawa injin ba ya tsayawa, dare da rana. Bawa ɗaya yana cusa rake tsakanin gungume na farko da na tsakiya, wani a ɗaya gefen yana mayar da shi tsakanin na tsakiya da na uku domin a tatse shi sarai. Mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba, gyangyaɗi kaɗan ya isa ƙarfen ya kama yatsunsa, ya ja hannun, ya bi da sauran jiki. Shi ya sa a irin waɗannan gandaye na Karibiyan akan ajiye adda ko gatari kusa da injin, domin a datse hannun kafin mutumin ya tafi gaba ɗaya, tun da tsayar da fukafukan yana ɗaukar lokaci.

Ruwan raken yana gangarawa ta magudana zuwa ɗakin dahuwa da ke ƙasa da tudun, inda aka jera manyan kaskon tagulla daga babba zuwa ƙarami a kan wuta. Makamashin wutar kuwa busasshiyar tuƙar raken ce. Ana zuba farar ƙasa kaɗan domin datti ya taso a kwashe, ana kwasar ruwan daga wannan kasko zuwa wancan har ya yi kauri. Bawan da ya san daidai lokacin da za a sauke kaskon ƙarshe gwani ne, kuma yana cikin waɗanda aka fi sa wa tsada a littafin lissafin gandu, domin kuskurensa asarar dahuwa guda ce. Daga nan sai a zuba sukarin a manyan gangunan katako ya tsane, baƙin maɗin da ya ɗiga kuma a kai shi wani ɗaki a yi barasa da shi. Wannan tsari na raba aiki hannu-hannu da bin lokaci sau da ƙafa ya sa waɗansu masana tarihi suke ganin gandun rake masana'anta ne sosai tun kafin masaƙun Ingila su bayyana, kuma da wuya a musa musu.

Bayin Antigwa ba su karɓi wannan hali hannu biyu ba. A 1736 Turawa suka ce sun gano wani shiri na tawaye a ƙarƙashin wani bawa ɗan asalin Akan, daga ƙasar da ake kira Gana a yau, wanda ake yi wa laƙabi da Prince Klaas. Aka kashe mutum 88, an ƙone 77 daga cikinsu da ransu.

To, ina dukiyar ta tafi? Ɗan Codrington na farko, shi ma Christopher, da ya mutu a 1710 ya bar wa kwalejin All Souls ta Jami'ar Oksfod fam 10,000 da littattafansa, aka gina laburaren da ya ɗauki sunansa har 2020, lokacin da kwalejin ta daina kiransa da shi. Da majalisar Ingila ta soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, amma iyayengiji aka biya, ciki har da gidan Codrington. Bayin Antigwa sun sami 'yanci ran 1 ga Agusta, 1834, ba tare da shekarun aikin dole da aka ɗora wa na yawancin tsibiran ba. Wannan ba jinƙai ba ne: masu gandaye sun lissafa cewa ƙasar noma duk tana hannunsu, 'yantattun ba su da inda za su, dole su dawo su yi ƙodago a kan ɗan abin da aka ga dama a ba su.

Injin tururi ne ya kashe na iska a cikin ƙarni na 19, daga baya kuma babbar masana'antar Gunthorpes ta haɗiye aikin matsar gandayen tsibirin a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1990 aka gyara ɗaya daga cikin hasumiyoyin Betty's Hope, aka mayar mata da hula da fukafukai da ƙarafan matsa, ɗayar kuwa aka bar ta kango. Kufan ɗakin dahuwa da na barasa da tankunan ruwa duk ana iya ganin su, domin da dutse aka gina su. Bukkokin ɗaruruwan bayin da suka yi aikin kuwa da itace da laka da ciyawa aka yi su, babu ko ɗaya da ta rage a tsaye. Sai daga 2007, da masu binciken kufai ƙarƙashin Georgia Fox ta Jami'ar Jihar Kalifoniya suka fara tono a gandun, aka shiga nazarin inda suka zauna, daga ɓaraguzan tukwane da sauran tarkacen da suka bari a ƙasa.