Ma'aunan Wahala a Fagen Hawan Duwatsu

Mai niyyar hawan dutse yana bukatar sanin nauyin abin da zai tunkara tun yana ƙasa, domin a tsakiyar hawa komawa baya kan fi ci gaba haɗari. Wannan bukata ce ta haifar da ma'aunan da ake sanya wa hanyoyin hawa a Amurka da Turai.

Tsarin Amurka, wanda ake dangantawa da Yosemite, ya samo asali daga rabe-raben ƙungiyar Sierra Club a shekarun 1930. Aji na 1 tafiyar ƙafa ce kawai. A aji na 3 sai an dafa da hannu, a na 4 faɗuwa na iya kisa, shi kuwa na 5 ana hawansa da igiya da kayan kariya. A shekarun 1950, a dutsen Tahquitz na Kalifoniya, aka kasa aji na 5 daga 5.0 zuwa 5.9. Da ƙwarewa ta ƙaru, sai aka buɗe 5.10 zuwa sama. A 2017 Adam Ondra ya hau hanyar Silence a Flatanger ta ƙasar Norwe, ya ba ta 9c a ma'aunin Faransa, daidai da 5.15d.

A Birtaniya, hawan da ke tsakanin tafiya da hawa da igiya yana da matakai uku. Striding Edge a Ingila da Crib Goch a Wales suna mataki na 1, Aonach Eagach a Sikotland kuma na 2. Idan hawa ne da igiya, alama biyu ake bai wa hanya: ɗaya ta nuna tsananinta gaba ɗaya har da ƙarancin kariya, ɗayar ta nuna motsi mafi wuya. Tsarin Faransa na tsaunukan Alps kuwa, daga F zuwa ED, yana duba tsawon hanya da ƙanƙara da wahalar ja da baya.

Babu na'urar da ke auna waɗannan lambobi. Wanda ya fara hawa shi yake ba da shawara, waɗanda suka biyo baya su tabbatar ko su gyara. Haka kuma lamba ɗaya ba ta nufin abu ɗaya a ko'ina: mataki na 3 na Birtaniya ya fi aji na 3 na Amurka tsanani. Ma'aunin yana ɗauka cewa dutse a bushe yake, don haka ruwan sama ko ƙanƙara na iya mayar da hanya mai sauƙi ta zama mai halakarwa, alhali lambarta a littafi ba ta sauya ba.