Yaya matuƙin jirgi ke gane hanya a sama?

Mu 'yan Kawo da Mando mun saba ganin jiragen horo na sojan sama suna shawagi a kanmu. To a can sama babu kwalta, babu allon kwatance. Yaya ake gane hanya?

Ɗalibin tuƙi, irin na kwalejin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964, sai ya ƙware a abu uku: taswira, kamfas da agogo.

A taswirar da ake yawan koyo da ita, santimita 1 na nufin kilomita 5 a ƙasa. Tana nuna koguna, layin dogo da tsayin duwatsu. Ka ga Kogin Kaduna ma alama ce gare shi.

Kamfas kuwa digiri 360 ne: gabas 90, kudu 180, yamma 270. Agogo shi ke nuna nisan da aka ci. Jirgin da ke yin mil 120 a awa, mil 2 yake ci kowane minti.

Ga inda haɗarin yake. In matuƙi ya kauce da digiri 1 kacal, bayan mil 60 ya bar hanyarsa da kusan mil 1. Balle da hunturu, iska na tura jirgin gefe, hazo ya rufe ƙasa. GPS na taimakawa ƙwarai, amma na'ura ce, tana iya ɗaukewa.

Don haka ƙannena masu burin tuƙi, ku riƙe lissafi da kyau tun daga sakandare. Sai mun haɗu a shiri na gaba.