Gonar Gado Tsakanin Dagaci, Alƙali da Gwamna

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, wajejen watan Mayu ko Yuni, ƙofar gidan mai unguwa da ta dagaci kan cika da masu ƙorafin gona. Wannan ya ce maƙwabcinsa ya ci masa kunya biyu lokacin sharar gona. Wancan ya zo da kuɗi a hannu zai fanshi gonar da mahaifinsa ya jinginar, mai nomanta kuwa ya rantse saye aka yi. Wata ta taso daga gidan aurenta neman rabonta a gandun da ba a raba ba tun rasuwar mahaifinsu. Abin da ya gagari dattawa sai ya wuce gaban alƙali, kuma a can ne manomi kan gane cewa gonarsa guda ɗaya hukunci uku ne ke hawa kanta: al'adar gari, shari'ar Musulunci da dokar gwamnati.

Tushen noman iyali a ƙasar Hausa shi ne gandu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna yi wa uba noma daga safe zuwa azahar, shi kuma ya ɗauki nauyin ci da sha, da kayan aiki, da haraji a zamanin da ake biyansa, da hidimar aure. Kowane ɗa yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa gandu ba ya cika daɗewa a hannun 'yan'uwa bayan rasuwar uba. Daga ranar da aka yi sadakar bakwai, gonar da jiya ta kowa ce ta zama dukiyar gado.

Lissafin rabon a fili yake. A ɗauka mutum ya rasu ya bar eka 16, da mata, da 'ya'ya maza biyar da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Tumunin matar eka 2 ne. Sauran 14 ɗin, kowane namiji ya sami 2, kowace mace ta sami 1. Idan ɗaya daga cikin mazan ya bar 'ya'ya kamar yadda ubansa ya bari, jikoki za su raba eka 2 ne kacal. Haka gonaki suka yi ta tsukewa a karkarar Kano mai cunkoson jama'a.

Gudun wannan tsukewa, ko kunyar tayar da maganar gado, ke sa iyalai da yawa su bar gona a hannun babban wa. Shi zai noma, ya aika wa ƙannensa mata dami ɗaya ko biyu na ihsani da kaka. Ana zaman lafiya har ranar da wani magaji ya buƙaci kuɗi ya sayar da kasonsa ga bare. A nan fiƙihun Malikiyya ya ba sauran magada haƙƙin shufa'a: muddin ba a raba gonar an sa iyaka ba, suna iya mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason. Amma haƙƙin yana da wa'adi. Wanda yake gari, ya san da cinikin, ya yi shiru har kimanin shekara guda, ya rasa shi.

Shiru ya fi tsada a babin hauzi. Ƙa'idar da alƙalai ke ɗaukowa daga littattafai irin su Risala da Tuhfatul Hukkam ita ce, idan bare ya riƙe gona yana nomanta shekara 10, mai ita yana nan yana gani, babu abin da ya hana shi magana, ba za a saurari da'awarsa daga baya ba. Tsakanin dangi kuwa an tsawaita wa'adin zuwa shekara 40, don an san zumunci kan sa mutum ya kau da kai. Hauzi ba ya aiki a kan maraya ƙarami, ko wanda ya yi doguwar tafiya, haka nan ba ya cin gonar aro, ko ta haya, ko ta jingina. Sai dai mai cewa aro ne, shi zai kawo shaida.

Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin aro da jingina a karkara da baki ake ƙulla su, gaban dattawa biyu ko uku. Mai kuɗi ya ci gaba da noman gonar har sai an biya shi, abin da malamai da dama ke ƙyama don suna ganin bashi ne ya jawo amfani. Bayan shekara 25, masu ƙulla maganar sun rasu, shaidu sun rasu, gamba da lallen da aka shuka a iyaka sun mutu. Wani lokaci ma ɗorawar da ke tsakiyar gonar ta wani ce daban, domin al'ada ta yarda a sayar da ƙasa a bar itace.

Sama da duk wannan akwai dokar gwamnati. Tun kafin zuwan Turawa Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi kan hanyoyin mallakar ƙasa. Turawa suka fito da dokar 1910 wadda ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. A watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa irin wannan tsari a kan Nijeriya baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma kafe ta cikin tsarin mulki yadda gyaranta sai da wahala. Ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna; abin da manomi ke da shi izinin zama ne da amfani. A karkara ƙaramar hukuma ce ke bayar da shi, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo.

Sashe na 36 na Dokar Amfani da Ƙasa ya tabbatar wa wanda ke noman gona tun kafin 1978 riƙonsa ko babu takarda. Amma sashen ya hana yanka irin wannan gona fuloti-fuloti ko miƙa ta ga wani, ya kuma tanadi tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Ciniki dai bai tsaya ba. Kullum ana saye ana sayarwa da takardar da dagaci ya buga wa hatimi, wadda ke iya zama shaidar an biya kuɗi amma ba ta kai matsayin takardar mallaka ba, bankuna kuma ba su cika karɓarta jingina ba.

Ranar da gwamnati ta buƙaci wuri ake ganin bambancin. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izini don amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta shuka ce da gini da sauran abin da aka raya, ba ta ƙasar kanta ba. Manoman Bakolori, kusa da Talata Mafara, sun ɗanɗana irin haka lokacin da aka karɓi gonakinsu don madatsar ruwa da aikin noman rani. Sun rasa damina bayan damina, aka baje iyakokinsu, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa. Da suka tare hanyoyin aikin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a watan Afrilu na 1980, aka yi asarar rayuka. A yau ƙauyukan Kumbotso da Ungogo na fuskantar wani salon matsin, inda birnin Kano ke haɗiye gonaki ana yanka su filayen gidaje.

Ko zuwa kotu ma sai da sanin hanya. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da makamantansu. Idan rigimar ta rabon gado ce tsakanin magada, can za ta. Idan kuwa jayayya ce kan mallaka tsakanin bare da bare, Babbar Kotun Jiha ce mai hurumin ɗaukaka ƙara. Kotun Ƙoli ta sha rushe hukunci bayan shekaru ana shari'a, saboda kawai an bi ta ƙofar da ba ita ba.

Jamhuriyar Nijar ta gwada wata hanya. Dokar karkara ta 1993 ta daidaita matsayin mallakar gado ta al'ada da ta rubuce, aka kuma kafa kwamitocin ƙasa tun daga gunduma har ƙauye. Mai gari ne ke shugabantar na ƙauye, tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa, kuma suna rubuta takardar saye, kyauta, aro da jingina. A Nijeriya, kwamitin gyaran dokar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya gwada rajistar filaye gida-gida a jihohin Kano da Ondo. Dokar 1978 dai tana nan ba a taɓa ta ba, kuma mafi yawan gonakin karkara ba su cikin rajistar kowace hukuma.