Karin Kumallo a Nguru da Gashuwa: Daga Fadama Zuwa Tanda

Duk baƙon da ya kwana a Nguru ko Gashuwa, kafin ladan ya yi kiran assalatu zai ji ƙamshin man gyaɗa ya fara tashi daga cikin gidaje. Matan waɗannan garuruwa biyu na arewacin Jihar Yobe, Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulani, ba su jiran gari ya waye kafin su hura wuta, domin aikin karin kumallo tun jiya ake soma shi.

Wadda za ta dama koko tun da rana take jiƙa gero, a niƙa shi da citta da kanumfari, a tace, a bar gasarar ta kwanta har ta yi ɗan tsami. Mai ƙosai kuwa sai ta surfe wake, a markaɗa shi da albasa da attaruhu, sa'an nan ta buge ƙullun sosai, gama ƙosan da bai sha bugu ba, ba ya tashi. Masa ta fi su neman haƙuri. Ana jiƙa farar shinkafa, a dafa kaɗan daga ciki a haɗa, a niƙa, a sa yis ko tsohon ƙullu, a rufe ya kwana. Da asuba a ɗiga ruwan kanwa don a kashe tsami, a ɗora tanda.

Kayan zaƙi su ne alfaharin uwar amarya ranar kai gara. Alkaki da tsakin alkama ake yin sa, a soya, a tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. Nakiya ta garin shinkafa ce da mai da kayan yaji, tana kuma yin watanni ba ta lalace ba. Gireba ita ce ta gashi: fulawa da sukari da mai, a barbaɗa riɗi. Wadda ba ta da murhun zamani sai ta zuba rairayi a tukunya, ta ɗora faranti, ta rufe, ta sa garwashi sama da ƙasa.

Ba banza ba waɗannan abinci suka zauna a nan. Dausayin Haɗeja da Nguru da kogin da ya bi ta Gashuwa su ke ba da shinkafa da kifi, a kuma noma alkama da rani, tudu ya ba da gero da wake. Jirgin ƙasa da ya iso Nguru daga Kano a 1930 ya mai da garin babbar kasuwar gyaɗa da fatu da ƙaro, baƙi suka zo da irin girkinsu.

Amma fa al'amura sun canja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadamu ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ko da yake an sa tafkin Nguru cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2000. Bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin niƙa da sukari da fulawa suka hau, har burodi da shayi suka gagari magidanta da dama.

Dattawa ba su manta ba, lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987 burodi ya yi tsada, koko da masa suka rufa wa jama'a asiri. Yau ma haka abin yake, kuma da cinikinsu mata da yawa ke sayen littafin makaranta da kayan ɗakin 'ya'yansu. Saboda haka wajibi ne hukuma ta ci gaba da yashe hanyoyin ruwa, iyaye mata kuma su zaunar da 'yan mata gaban tanda tun suna ƙanana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.