JINI KO ƘULLI: KADA KA TSAYA JIƘE-JIƘE KAFIN A AUNA



Yau kan ciwon daji za mu yi magana, wato sankara. Farkonsa galibi ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi har ya yi nisa.

Mata sukan aiko suna tambaya: "Malam, na daina al'ada shekaru, ga jini ya dawo, ya hukuncin sallata?" Hajiya, jinin ciwo ba ya hana salla, ki yi tsarki ki yi sallarki. Amma fa magana ba ta ƙare a nan ba. Jini bayan ɗaukewar al'ada, ko bayan kwanciyar aure, yana iya zama alamar sankarar mahaifa. Maigida, kai za ka kai ta asibiti a wannan makon, ba bayan girbi ba.

Haka ƙulli a mama ko a hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini. Kada wanzami ya tsaga, kada a ɗaura lalle ana jira ya fashe.

Ku kuma maza, komai sai ku ce basir. Jini a bayan gida, yau gudawa gobe taurin ciki na makonni, ga rama ba dalili, ga shekaru sun haura 50? Ni mai maganin basir ne, amma irin wannan ba na ba shi komai sai likita ya duba. Haka tarin da ya wuce mako 3, gyambon da ya ƙi warkewa, da abincin da ke maƙalewa a wuya.

Fara da asibitin unguwarku. Faɗi ranar da abin ya soma, ban da kunya. Za a duba ka, a auna jini, wataƙila a ɗauki hoto. In akwai zargi, a tura ka babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano ko Shika a Zariya, a ɗebi ɗan tsoka a duba. Wannan gwajin ne ke tabbatarwa, kuma sau da yawa ma sai a ga ba daji ba ne. Zancen wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, camfi ne. Jinkiri ke ba shi damar bazuwa.

Zuma da habbatus sauda da ruƙya, a ci gaba, sai dai ka sanar da likita duk abin da kake sha. Takardar da aka ba ka ta zuwa babban asibiti kuma, kada ta kwana ƙarƙashin katifa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.