Ciwon Ƙirji Bayan Wasa: Kada A Yi Sakaci

Jama'a, motsa jiki abu ne mai kyau. Gudu, ƙwallo, iyo da kokawa duk suna ƙara lafiya. Amma wani lokaci, idan wahala ta yi wa jiki yawa farat ɗaya, zuciya takan yi rauni na ɗan lokaci. Likitoci suna kiran wannan ciwo takotsubo.

Asalin sunan

Likitocin birnin Hiroshima na ƙasar Japan ne suka fara bayyana ciwon a shekarar 1990. Takotsubo sunan wani tulu ne da masuntan Japan ke sakawa cikin teku don kama wata halitta mai hannuwa takwas. Tulun yana da babban ciki da siririn wuya. Da likitocin suka ɗauki hoton zuciyar masu ciwon, sai suka ga ta koma kamar wannan tulu.

Yadda yake faruwa

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna 4. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne ke tura jini zuwa ko'ina a jiki.

Idan mutum ya firgita ko ya yi aikin ƙarfi, jiki yakan saki wani sinadari mai suna adarenalin. Shi ke sa zuciya ta ƙara saurin bugawa. Likitoci na ganin cewa idan sinadarin ya yi yawa, yakan galabaitar da tsokar zuciya. Sai ƙasan ɗakin hagu ya saki, ya kumbura, ya daina matsawa yadda ya kamata. Samansa kuwa yana ci gaba da aiki. Daga nan jinin da ke fita ya ragu.

Abin da ya fi jawo ciwon shi ne baƙin ciki, firgita, ko wata rashin lafiya mai tsanani. An sami masu ciwon da yawa bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin Niigata na Japan a 2004. Wasa da motsa jiki ba su cika jawo shi ba. Duk da haka, an sami waɗanda ya kama wajen gudu, iyo da nutso cikin ruwa.

Wa ya fi kamawa?

Kusan 9 cikin 10 na masu ciwon mata ne, yawancinsu sun haura shekara 50 kuma al'ada ta ɗauke musu. Maza ma yana kama su, kuma nasu ya fi zuwa ta hanyar wahalar jiki.

Alamomi

1. Ciwo ko nauyi a ƙirji.
2. Numfashi sama-sama.
3. Zufa mai sanyi da faɗuwar gaba.
4. Jiri ko suma.

Waɗannan alamomi iri ɗaya ne da na ciwon zuciyar da toshewar jijiya ke kawowa. Amma a takotsubo, yawanci jijiyoyin da ke shayar da zuciya ba su toshe ba. Ba a iya bambance su da ido. Sai an yi gwaji a asibiti.

Abin yi

Idan ɗan wasa ko mai aikin ƙarfi ya dafe ƙirji, a tsayar da shi nan take. A zaunar da shi a inuwa, a sassauta masa riga. Kada a ce masa ya daure don kar a kira shi rago. Kada kuma a ce gajiya ce, a tsaya yin jiƙo. A nemi mota a kai shi babban asibiti. Kwanakin farko su ne masu haɗari, domin wasu kan rasa ransu a lokacin.

Abin farin ciki shi ne, yawancin masu ciwon zuciyarsu takan dawo daidai cikin 'yan makonni, zuwa wata 1 ko 2. Yakan sake dawo wa wasu kaɗan. Saboda haka wanda ya warke kada ya koma wasa sai likita ya ba shi izini.

'Yan'uwa, kada tsoro ya hana mu motsa jiki. Sai dai wanda ya daɗe bai yi ba ya fara a hankali, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyayenmu mata da matasan gari. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.